Kwanrod a injin tsere: abin da adadin ƙarfin doki ba ya faɗa

A cikin kusan kowane injin mota akwai wata sandar ƙarfe da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, wadda direba zai iya shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa sa ta a ido ba. Kanikawa suna kiranta kwanrod. Ƙaramin kanta na sama yana riƙe da fistan ta hanyar wani fil, babban kanta na ƙasa kuma yana rungume da karanshaf, an raba shi gida biyu an ɗaure da noti biyu. Aikinta shi ne ta karɓi hawa da saukar fistan ta mayar da su juyi, juyin da ke bi ta giya har ya isa taya. A motar gida kwanrod yakan riga motar tsawon rai, muddin ba a bar inji da ƙishin baƙin mai ba. A injin tsere kuwa, wanda aka matsa wa lamba ya ba da ninki uku ko huɗu na ƙarfin da aka ƙera shi da shi, wannan sanda tana cikin sassan da ke fara sallamawa, kuma idan ta sallama ba ta tafiya ita kaɗai. Guntun da ya rage a jikin karanshaf yana ci gaba da juyawa, ya huda bangon bulok, ya watsa mai a kan bututun hayaƙi mai zafi da kuma gaban tayoyin baya. Asarar dukiya ce, wani lokaci har da ta rai. Shi ya sa abin damuwa ne ganin yadda yawancin masu haɗa inji ke fara zaɓen kwanrod da tambayar da ba ta isa ba, wato doki nawa zai ɗauka.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Kamfanonin da ke sayar da waɗannan kaya a Amurka da Japan da Turai su ne suka saba rubuta wa kowane samfuri adadi, wannan na doki 600, wancan na doki 1,000, domin mai saye yana son lamba guda da zai riƙe. Matsalar ita ce ƙarfin doki sakamako ne na abu biyu da aka ninka: ƙarfin da inji ke murɗa karanshaf da shi, da kuma yawan juyin da yake yi a minti. Ana iya kaiwa ga adadi ɗaya ta hanyoyi biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Injin Formula 1 mai silinda takwas da lita 2.4, wanda aka yi amfani da shi daga 2006 zuwa 2013, yana ba da doki wajen 750 a juyi 18,000 a minti, ba tare da tobo ba. Injin mota mai tobo yana iya ba da wannan 750 ɗin a juyi 6,000 kacal. Tunda juyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na wancan, dole ƙarfin murɗawarsa ya zama ninki uku. A takarda dokinsu ɗaya, amma wahalar da kwanrod ke sha a cikinsu iri biyu ce. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne irin nauyin da sandar za ta ɗauka, na danna ne ko na fizga, da kuma sau nawa za ta ɗauke shi kafin a sauke ta.

A ɗauki inji na gaske domin maganar ta sauka ƙasa. Toyota 2JZ-GTE, injin lita 3 mai silinda shida a jere wanda ya yi suna a motar Supra ta 1993, ya fito daga masana'anta da doki 320 a kasuwar Amurka, kuma har gobe masu gyare-gyare suna kai shi doki 1,000 da ɗoriya saboda bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe mai kauri ne. Faɗin silindarsa milimita 86, tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa ita ma milimita 86, tsawon kwanrod daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido milimita 142. Lokacin da fetur ya kama da wuta a saman fistan, idan matsin cikin silinda ya kai bar 100, nauyin da ke sauka a kan sandar ya kusa tan 6. Idan aka ƙara iskar tobo har matsin ya ninka, nauyin ya kusa tan 12, a kan ƙarfen da mutum zai iya ɗauka da yatsu biyu. Wannan shi ne nauyin danna, kuma illarsa lanƙwasa ce. Sandar da aka danne fiye da ƙima takan karkace a tsakiyarta, fistan ya daina kaiwa inda ya saba, daga nan sai karyewa. Ya fi tsanani a ƙaramin juyi, lokacin da tobo ya kawo iska da wuri kuma fistan bai yi saurin da zai guje wa matsin ba. Da yawa daga kwanrod ɗin da suka lanƙwashe ba a ƙarshen gudu suka gamu da ajalinsu ba, a tsakiyar juyi ne, a babbar giya, direba ya take totur.

Nauyi na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa, domin ba shi da alaƙa da wuta ko fetur. Fistan yana tahowa sama da gudu, kuma a ƙololuwa dole ya tsaya cak ya juya. Babu abin da ke tsayar da shi sai kwanrod. A zagayen da ake ƙona mai, matsin da ke cikin silinda yana taimakawa wajen tare shi, amma a zagayen fitar da hayaƙi bawul a buɗe yake, ba abin da ke sama, sai sandar ita kaɗai ta fizgo fistan ƙasa. Lissafin wannan fizga sananne ne. A injin nan mai tafiyar milimita 86, a juyi 8,000 a minti, fistan a ƙololuwa yana jin kamar nauyinsa ya ninku sau 4,000. Fistan da fil da ringi masu nauyin rabin kilo sun zama tan 2 ke nan, suna neman tsinke sandar, kuma idan aka haɗa da nauyin jikin kwanrod ɗin kansa, abin da notuna biyun nan ke riƙewa ya haura tan 3. Hakan na faruwa sau sittin da wani abu a kowace daƙiƙa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda fizgar ke ƙaruwa: idan juyi ya ninka, ita ninki huɗu take yi. Daga juyi 6,000 zuwa 8,500, ƙarin da a allon mota bai yi kama da wani abin tsoro ba, nauyin fizga ya riga ya ninka. Kuma ko an ɗaga ƙafa daga totur tana nan, shi ya sa direban da ya kuskure giya ya faɗa ta ƙasa a guje zai iya tarwatsa injin da ba ya ba da ko doki ɗaya a wannan lokacin.

Wani zai ce to ai maganin a fili yake, a sayi mafi kauri da nauyi a huta. Wannan shawara tana aiki a rabin matsalar, tana ɓata ɗaya rabin. Kauri yana hana lanƙwasa, gaskiya ne, kuma injin tobo da ke ba da ƙarfinsa a juyi 6,000 ko 7,000 zai amfana da sanda mai jiki. Amma kowane giram da aka ƙara, musamman a ƙaramin kai, shi ma sai an tsayar da shi an juyo da shi a ƙololuwa, kuma a juyi 8,000 giram ɗaya a wajen daidai yake da kilo 4. Ƙarin giram 50 ya zama ƙarin kilo 200 a wuyan noti da karanshaf da metal, wato shimfiɗar da ke tsakanin babban kai da karanshaf. Injin da ba shi da tobo, wanda ke neman dokinsa ta hanyar juyi 9,000 ko 10,000, ƙarin ƙarfe a jikinsa ƙarin kaya ne da zai karya shi. Ga irin wannan inji, sau da yawa hanya mafi inganci ta ceton kwanrod ita ce a rage nauyin fistan da fil, domin su ne kayan da ake ɗora masa. Shi ya sa ba a zaɓen kwanrod shi kaɗai, tare ake zaɓensu da fistan, bayan an tsayar da iyakar juyin da injin zai yi.

Sai kuma batun lokaci, wanda lambar doki ba ta taɓa shi sam. Ƙarfe yana gajiya. Duk wanda ya taɓa yanke waya ba tare da filaya ba ya san yadda abin yake: lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata komai, amma a yi ta kai ta a komo da ita, sai ta tsinke a wurin. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus August Wöhler ne ya fara auna wannan a tsanake a shekarun 1850 da 1860, lokacin da sandunan da ke riƙe ƙafafun jiragen ƙasa ke karyewa a ƙarƙashin nauyin da a lissafi bai isa ya karya su ba. Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo baya aka gane cewa baƙin ƙarfe yana da wata iyaka, wadda idan nauyin da ake maimaitawa bai kai ta ba, zai jure miliyoyin zagaye ba tare da tsagewa ba. Alminiyam ba shi da irin wannan iyaka. Kome ƙanƙantar nauyin, kowane zagaye yana cin wani abu daga ransa, kuma wata rana zai ƙare. Wannan bambanci ɗaya ya isa ya bayyana abin da ke ba mutane mamaki idan suka fara jin sa, wato injinan da suka fi kowanne ƙarfi a duniyar tsere da kwanrod na alminiyam suke aiki.

Su ne motocin Top Fuel na gasar NHRA a Amurka, masu injin lita 8.2 da ke shan sinadarin naitiromitan maimakon fetur, waɗanda ake ƙiyasta ƙarfinsu ya kai doki 11,000. Suna cinye ƙafa 1,000, wato mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa. A wannan ɗan lokaci karanshaf bai fi juyi 500 ba. Bayan kowane gudu ana kwance injin gaba ɗaya a sake haɗa shi, kuma ana zubar da kwanrod bayan 'yan tsere kaɗan ko da ido bai ga aibinsa ba. A nan gajiyar ƙarfe ba ta samun lokacin da za ta yi aikinta, abin da ake nema shi ne sandar da za ta sha duka. Alminiyam ya fi ƙarfe taushi har kusan sau uku, saboda haka yana ɗan bada kai idan fashewa ta sauko, ya rage wa metal da karanshaf zafin bugun. A kwatanta da tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda mota ke yin sama da kilomita 5,000 ba a buɗe injinta ba. Injin da ya yi matsakaicin juyi 7,000 a minti na tsawon yini da kwana ya juya sau miliyan 10. Ko a tseren NASCAR na mil 500 a Daytona juyin ya haura miliyan ɗaya, kuma dokar gasar ma ta wajabta kwanrod na ƙarfe. Motar Le Mans ba ta da kashi ɗaya cikin goma na dokin Top Fuel, amma kwanrod ɗin Top Fuel ba zai kai ta safiya ba. Wanda ya ga alminiyam a injin doki 11,000 ya ce to lallai zai ɗauki motarsa mai doki 800 da yake hawa kan titi kullum, ya karanta lambar daidai, ya kuskure ma'anarta. Ga kuma wasu sharuɗɗa da alminiyam ke tafe da su: yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe kuma yana miƙewa, don haka sai an bar ƙarin rata tsakanin fistan da kan inji, yana da ƙiba, har wani lokaci sai an sassaƙe gefen bulok kafin ya wuce, kuma yana son a ɗumama inji sosai kafin a taka shi.

Ga mafi yawan injinan tsere, amsar tana wajen ƙarfe, amma ƙarfe suna ne da ya tara iri-iri. Na zubi, wanda aka narka aka kwarara a mazubi, shi ne mafi araha kuma mafi rauni, domin yakan ɓoye ƙananan ramuka a cikinsa kuma yana karyewa ba tare da gargaɗi ba. Yawancin motocin zamani suna zuwa da kwanrod da aka yi da garin ƙarfe, aka matse aka gasa, sannan aka fasa babban kan da gangan domin ɓangarorin biyu su koma su haɗu daram. Dabara ce mai kyau ga ƙarfin da masana'anta ta tsara, sai dai ba ta bar wuri mai yawa na ƙari ba. Abin da masu tsere suka dogara da shi shi ne na ƙira, wanda aka gasa aka buga da guduma ko matsi mai ƙarfin gaske har zaren cikin ƙarfen ya bi siffar sandar. Nau'in da ya zama ruwan dare shi ne mai lamba 4340, ƙarfe mai gaurayen nikel da kuromiyam da molibdenam, kuma sama da shi akwai 300M, wanda aka ƙara wa silikon da banadiyam, irin wanda ake yin ƙafafun saukar jiragen sama da shi. Amma lambar 4340 sunan gauraye ne kawai. Ba ta faɗi tsaftar narkin ba, ba ta faɗi yadda aka gasa aka sanyaya ba, ba ta faɗi ko an yi wa fatar sandar ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe domin toshe hanyar tsagewa ba, ba ta kuma faɗi ko idanun biyu sun fito da'ira cikakkiya a kan layi ɗaya ba. Saiti biyu suna iya ɗauke da lamba ɗaya, farashin ɗaya ya ninka na ɗaya sau uku, kuma bambancin yana cikin waɗannan abubuwa da ido ba ya gani. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Akwai masu ganin cewa idan da kuɗi, taitaniyam ya kashe gardama. Ba shakka yana da abin yabo. Ya fi ƙarfe sauƙi da kashi 40 cikin ɗari da ɗan wani abu idan girmansu ɗaya, kuma yana da ƙwari, shi ya sa injinan Formula 1 masu juyi 18,000 suka rungume shi. Honda NSX ta 1990 ita ce motar kasuwa ta farko da ta zo da shi, daga baya Chevrolet ta sa shi a injin lita 7 na Corvette Z06 ta 2006, Porsche kuma a 911 GT3. A lura da abin da ya haɗa waɗannan injina: babu mai tobo a cikinsu, dukkansu fizga ce babbar abokiyar gabarsu. Taitaniyam yana da halayen da ke buƙatar lallashi. Tsaurinsa kusan rabin na ƙarfe ne, don haka babban kai yakan so ya canza siffa sai an ƙara masa nama. Idan ya goga da wani ƙarfe yana manne masa ya yage, sai an lulluɓe gefensa da wani shafi na musamman. Ɗan ƙarce a fatarsa, irin wanda bakanike zai yi da bakin sifana bai ma lura ba, yana iya zama mafarin tsagewa. Ga injin tobo mai matsakaicin juyi, wanda lanƙwasa ce damuwarsa, kuɗin taitaniyam ya sayi sauƙin da injin bai nema ba.

Gardamar da ta fi cika bakin masu sha'awar motoci ita ce ta siffa, tsakanin sandar da yankinta ya yi kama da harafin I da mai kama da harafin H, wadda kamfanin Fred Carrillo na Kalifoniya ya yi suna da ita tun shekarun 1960. An sha cewa wannan ta tobo ce, waccan ta juyi ce, wasu kuma su juya maganar. Dukkan siffofin biyu sun ci manyan gasa kuma dukkansu sun karye. Inda aka ajiye naman ƙarfen, da yadda aka sulɓe kusurwoyin da sanda ke haɗuwa da kawunanta, da ingancin abin da aka yi ta da shi, sun fi harafin tasiri nesa ba kusa ba. Haka ma batun tsawo. Doguwar sanda tana ɗan rage yadda fistan ke gugar bangon silinda, tana kuma ɗan sassauta fizga, amma tsayin bulok da tafiyar karanshaf sun riga sun ƙayyade yawancin abin, kuma milimita uku ko huɗu da ake faɗa a kansu ba su ne ke raba injin da ya rayu da wanda ya mutu ba.

Abin da ke raba su, sau da yawa, shi ne notuna biyun da ke ɗaure murfin babban kai. Su ne ƙananan sassan da suka fi kowanne shan wahala a cikin inji, kuma yadda suke aiki ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Noti a wannan wuri ana miƙar da shi ne da gangan lokacin ɗauri, ya ɗan ƙara tsawo, sai ƙoƙarinsa na komawa yadda yake ya matse murfin da jikin sandar. Muddin wannan matsi ya fi fizgar da ke zuwa daga fistan, murfin ba ya motsi, kuma notin ba ya jin komai sai ɗan kaɗan daga hawa da saukar nauyin. Idan ɗaurin bai kai ba, murfin yana ɗan ɗagawa a kowane zagaye, notin ya riƙa karɓar fizgar gaba ɗaya sau dubbai a minti, gajiya ta kama shi nan da nan. A lokaci guda idon da ya kamata ya zama da'ira yana komawa kamar ƙwai, gefensa ya tsuke metal, ya share siririn man da ke tsakaninsa da karanshaf. Ratar da man nan ke zaune a ciki wajen kashi ɗaya ce cikin dubu na kaurin wuyan karanshaf, wato milimita 0.05 a wuya mai milimita 52, ƙasa da kaurin gashin kai. Saboda haka notin da aka ɗaure da sassauci ya fi saurin tsinkewa a kan wanda aka ɗaure daidai, kuma wanda aka wuce da shi har ya miƙe bai koma ba shi ma ya tashi daga aiki.

Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. Sifana mai awo tana auna ƙarfin da hannu ya sa wajen murɗawa, amma mafi yawan wannan ƙarfi, wajen kashi tara cikin goma, yana ƙarewa ne a gugar zare da ta ƙarƙashin kan noti. Ɗan ragowar ne ke miƙar da notin. Idan aka canza man da aka shafa, ko zaren sabo ne bai goge ba, awo ɗaya a sifana zai ba da matsi daban. Shi ya sa kamfanin ARP, wanda ya shahara da waɗannan notuna tun 1968, da sauran masu ƙera su, suke ba da adadin miƙewa, yawanci tsakanin milimita 0.13 da 0.18 gwargwadon nau'i da tsawo, a auna da ma'aunin da ke kama notin ta kai da gindi. Notunan ma hawa-hawa ne, daga 8740 zuwa ARP2000 zuwa L19 da na sama da su, kuma mafi ƙwarin ba shi ne mafi sauƙin zama da shi ba: L19 ba ya shiri da danshi, ko gumin hannu yana iya jawo masa tsatsar da za ta zama tsagewa. Kuma duk lokacin da aka sa noti mai matsi fiye da na asali, dole a sake auna idon babban kai, domin ƙarin matsin yana iya gurɓata da'irarsa.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan duk wannan ita ce ta gani da ido. Za a ce ga injinan 2JZ nan da suka ba da fiye da ninki biyu na dokinsu a kan kwanrod na masana'anta, kuma ga dubban mutane da suka sayi kaya bisa lambar doki suka zauna lafiya. Haka ne, kuma lambar ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Kamfanin da ya san aikinsa yana gina ta a kan zato game da yawan silinda da nauyin fistan da iyakar juyi, kuma idan injin mai saye ya faɗa cikin wannan zato, za ta yi masa daidai. Haɗarin yana wajen wanda ya fita daga zaton bai sani ba. Doki 1,000 da aka raba wa silinda takwas 125 ne kowace, a silinda huɗu kuwa 250 ne. Injin da ya nuna babban adadi sau ɗaya a kan na'urar gwaji na daƙiƙa goma bai tabbatar da cewa zai yi kakar tsere ba, kuma waɗanda nasu ya tarwatse ba su cika yayata labarin ba. Sannan akwai abubuwan da ba wani kwanrod da zai jure su. Idan fetur ba shi da inganci, ko an gaggauta wutar fulogi, man yana fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, matsin ya yi tsalle ya wuce duk lissafi. Idan baƙin mai ya gudu gefe a kwana mai tsanani famfo ya shaƙi iska, metal ya ƙone ya kama, sandar ta karye, a ɗora mata laifin da ba nata ba. Kanikawanmu sun san dangin wannan ko a motocin gida: injin da aka ce ya buga yawanci mai ne ya yanke wa metal, kuma kowace damina ana kawo motocin da suka shaƙi ruwan ambaliya ta hanyar iska, ruwan ya ƙi matsuwa a silinda, kwanrod ya lanƙwashe a gudun da bai kai na keke ba.

Bayan zaɓe akwai aikin da ke biyo baya, wanda shi ma yana cikin farashin. Ana auna nauyin kowane kwanrod, ƙaramin kai daban babban kai daban, a daidaita su har bambancin kada ya wuce giram ɗaya ko biyu, kuma a injin V8 ana sake daidaita karanshaf da sabon nauyin. Ana juya injin da hannu a tabbatar kan noti bai kusa taɓa bulok ko kamshaf ba, musamman idan an ƙara tafiyar fistan. Duk lokacin da aka kwance inji, kwanrod na ƙarfe yana shiga gwajin maganaɗisu da ke fito da tsagar da ido ba ya gani, na alminiyam da taitaniyam kuma a gwada su da ruwan rini mai shiga tsaga, tunda maganaɗisu ba ya kama su. Masu haɗa inji na ƙwarai suna rubuta tsawon kowane noti tun yana sabo, su sake aunawa bayan an kwance shi, kuma wanda ya ƙaru da milimita 0.025 bai koma ba ana jefar da shi. Na alminiyam kuwa ana ƙirga masa yawan gudun da ya yi a littafi, idan adadin da mai ƙera shi ya gindaya ya cika a sauke shi, ko da yana ƙyalli kamar ranar da aka fito da shi daga kwali.